Baƙo raɓa ne: aikin sa kai a asibiti da lakkwal

Aikin sa kai shi ne mutum ya ba da ƙarfinsa da iliminsa don amfanin jama'a, ba don neman riba ba. Ƙasar Magariya da Dungas ta ga irin waɗannan mutane. Wasu baƙi ne daga nesa, wasu kuwa ƴan gari ne.

Baƙin da suka zo

A 1962 samari da ƴan mata na Amurka suka fara zuwa Nijar, a ƙarƙashin ƙungiyar Kor-da-la-Pe. Na farkonsu malaman Ingilishi ne. Daga baya wasu suka shiga aikin lafiya da na gona. Sukan koyi Hausa, su yi shekara 2 cikin ƙauye, suna cin tuwon da kowa ke ci. A watan Janairu na 2011 aka kwashe su duka saboda rashin tsaro.

A 2004 ruwa ya yi ƙaranci, fara ta ci gonaki. A 2005 yunwa ta shigo, tamowa ta kama yara da yawa. A shekarar nan ce ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ta fara aiki a Magariya tare da ma'aikatan lafiya na gwamnati. A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya a wata, cikin damana. Ana ba da shi ga yaro mai wata 3 har ya kusa shekara 5.

Ƴan gari ma sun yi nasu

Tun cikin shekarun 1960, ƙauyuka suka riƙa zaɓen mutum wanda aka yarda da shi, a koya masa wankin ciwo da sa maganin ido, a ba shi akwatin magani. Shi ne sekuris. Ungozoma ma aka koya mata tsabtar hannu da yankan cibi da reza sabuwa. Ba su da albashi. A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƴan Samariya sun yi tubali sun gina azuzuwa da hannunsu.

Me ke saura idan baƙo ya tafi?

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mota takan koma, magani yakan ƙare. Abin da ke saura shi ne abin da ƴan gari suka koya.

Ga misali. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi, daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya ne. Rawaya gargaɗi ne. Ja kuwa tamowa ce mai tsanani, sai a kai yaro likita ran nan. Uwar da ta iya wannan awo ba ta jiran baƙo. Daga Mallawa zuwa babban asibiti akwai tafiya, yaron da aka makara da shi kuwa yakan rasu a hanya.

Haka lakkwal take. Ajin kara yana bukatar gyara kowace shekara bayan damana. Idan iyaye ba su kawo kara da itace ba, yara sai su rasa inuwar karatu.

Saboda haka, idan masu aikin sa kai suka zo gari, ya kamata mai gari ya tara jama'a a yi abu uku. A faɗa masu abin da gari ke bukata da gaske. A zaɓi maza da mata waɗanda za su bi su, su koyi aikin. A sa wanda ya yi yaƙi da jahilci ya rubuta kayan da aka bari da sunan mai tsaronsu, don ranar da baƙi suka tafi aikin ya ci gaba.