Hanyar Arewacin Jafan, Zango Zango

 Babu ɗayanku da bai san sunan Jafan ba, domin motocin Toyota da baburan Honda da ke kai ku kasuwa aikin mutanenta ne, riɗin da kuke aunawa kuwa wani kashi nasa can yake ƙarewa. Amma ƙasar kanta kaɗan ne suka san labarinta, balle arewacinta, inda sanyi ke mulki. To, ga bayanin hanyar, zango bayan zango, da abin da mai hankali zai tsinta a cikinta.

Jafan tsibirai ce a cikin teku can gabas da ƙasar Sin, manyansu huɗu ne. Agogonsu ya riga namu da awa 8, watau sa'ad da ake kiran asuba a Daura su rana ta riga ta yi musu tsaka. Mai nufin arewa daga Tokiyo yake tashi, babban birninsu. A shekarar 1689 wani mawaƙinsu mai suna Basho ya kama wannan hanya, yawancinta a ƙasa, ya yi wajen wata 5 yana tafiya. Yau jirgin ƙasa mai suna Shinkansen, wanda gudunsa ya kai kilomita 320 a awa, yakan kai mutum Awomori, ƙarshen babban tsibirin, cikin awa 3 da 'yan mintoci.

Zangon farko shi ne birnin Sendai da gaɓar tekun da ke arewa da shi. A nan ne ranar Jumma'a, 11 ga Maris, 2011, ƙasa ta yi girgizar da ba a taɓa auna irinta a Jafan ba. Kafin awa guda teku ya taso ya hau tudu, abin da suke kira tsunami, ya share garuruwa. Waɗanda suka mutu da waɗanda ba a ga gawarsu ba sun fi 18,000. Allah Ya kiyashe mu.

A wannan gaɓa akwai wani ɗan ƙauye, sunansa Aneyoshi. Ruwa ya cinye shi a 1896, ya sāke cinye shi a 1933. Waɗanda suka tsira suka kafa dutse a gefen tudu, suka sassaƙa rubutu a jikinsa suna yi wa jikoki gargaɗi kada su gina gida ƙasa da wurin. Jikokin suka ji magana, suka zauna a bisa, ko da yake sauka bakin ruwa wajen sana'a da wahala. Da ruwan 2011 ya zo, sai ya tsaya ƙasa da dutsen, gidajensu suka kuɓuta. Malamai, ku dubi amfanin rubutu: mutum ya mutu, alƙalaminsa ya ceci wanda bai taɓa gani ba. Mu ma a nan dattawa sun san inda ruwa ke bi da damina, sun san fadamar da ba a gini a cikinta. Wa ya rubuta wannan sani, wa kuma ke tambayarsu kafin a yanka fili?

Daga nan sai Awomori, ƙasar tuffa, inda ake noma fiye da rabin tuffar Jafan duka. Amma abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne dusar ƙanƙara, wadda almajirai ke karantawa a littattafan fiƙihu da sunan talji ba su taɓa ganinta ba. Idan aka tara wadda ke zuba a birnin cikin shekara guda, tsayinta ya fi mita 5, watau ta shafe soro. Mutanen wurin kullum safiya sai sun haƙe ƙofar gida kafin su fita, suna hawa rufi suna kwashe ta don kada nauyinta ya rushe ɗaki.

Kudu da birnin akwai duwatsun Hakkoda. A watan Janairu na 1902 soja 210 suka tashi za su ƙetare su don gwajin tafiya cikin sanyi. Mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen suka hana su, suka ce in tilas ne to su ɗauki jagora, shugabanninsu suka ƙi. Guguwa ta taso, hanya ta ɓace, mutum 199 suka halaka. A cikin kwanakin nan kuwa wata ƙungiyar soja daga Hirosaki, su ba su kai 40 ba, suka ɗauki 'yan ƙasa suka yi musu jagora, suka ƙetare duwatsun ba su rasa ko mutum ɗaya ba. Kakanninmu da ke bin ayari zuwa Damagaram da Agadas sun san wannan tun tuni: ayari ba ya tashi sai da madugu da jagaba, kome yawan jarumawan da ke cikinsa.

Tsakanin Awomori da tsibirin Hokaido akwai mashigin teku. Da can jirgin ruwa ake shiga, har a watan Satumba na 1954 iska ta kife wani babban jirgi mai suna Toya Maru, mutum fiye da 1,100 suka nutse. Wannan musiba ta ƙarfafa niyyar hukuma ta haƙa hanya a ƙarƙashin teku. Aka yi shekaru fiye da 20 ana aiki, aka buɗe ta a 1988, sunanta Seikan. Tsawonta kusan kilomita 54, watau ya fi rabin tafiyar Daura zuwa Katsina, kilomita 23 daga ciki teku ne a bisa kan matafiyi.

Fatake, ga naku rabon. Tun ƙarni na 18 har ƙarshen na 19 akwai waɗansu jiragen ruwa na 'yan kasuwa, ana ce da su Kitamaebune. Sukan tashi daga Osaka da bazararsu, su bi gaɓar yamma ɗauke da gishiri da shinkafa da tufafi, su saya a wannan tasha su sayar a waccan, su komo da kifi da ciyawar teku kafin sanyi ya kama. Sau ɗaya ake zuwa a shekara, kamar ayarin gishirin Bilma. Ribarsu duka a kan abu guda take: sun san farashin gari biyu, mutanen gari kuwa nasu kaɗai suka sani. Da wayar tangaraho ta zo, kowa ya ji farashin ko'ina, jirgin ƙasa kuma ya biyo baya, sai sana'ar ta mutu. Wanda ya ga yadda wayar hannu ta sauya cinikin hatsi da dabbobi a kasuwar Mai'aduwa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Hokaido ita ce zangon ƙarshe. Ta fi kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Jafan, mutanenta kuwa wajen miliyan 5 ne kawai. Ƙasar shanu ce, fiye da rabin madarar Jafan daga nan take fitowa. Asalin masu ƙasar wata al'umma ce, Ainu, masu harshensu dabam, masu farauta da su. Bayan 1869, da hukuma ta haɗe tsibirin ta raɗa masa wannan suna, aka karɓe filayensu, aka tilasta wa 'ya'yansu harshen Jafan. Sai a 2019 doka ta amince su ne 'yan asalin wurin, alhali masu jin harshen sosai sun kusa ƙarewa. Harshen da iyaye suka daina yi wa 'ya'ya, doka ba ta iya tashe shi a kwana ɗaya.

Musulmin da ya nufi can ya lura da abu huɗu. Alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa, saɓanin yadda muka saba. A Sapporo, babban birnin tsibirin, rana takan fito kafin ƙarfe 4 a watan Yuni, ta faɗi bayan ƙarfe 7, sai azumi ya kai awa 17, a watan Disamba kuwa ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Ruwan da ya narke daga talji mai tsarki ne, ana alwala da shi, Muhtasar kuma ya lissafa taljin kansa cikin abin da ake taimama a kai. Abinci kuwa sai da tambaya, domin naman alade da giyar shinkafa suna shiga girkinsu da yawa, amma kifi ga shi nan a yalwace. Akwai masallaci a Sendai da Sapporo.

Hanya takan ƙare a Soya, inda in gari ya yi haske ana hango tsibirin Sakalin na Rasha, kilomita 43 a ƙetaren ruwa. Wanda ya isa nan ya ga iyakar ƙasar. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su gida lafiya.