Dala Ɗaya da Fam Ɗaya

Duk injin da ke ture ƙasa, mu katafila muke ce masa, ko wa ya ƙera shi. Sunan na kamfanin Caterpillar ne, wanda a da hedkwatarsa take garin Peoria a Amurka. A wannan garin, a 1935, wani mutum mai suna R. G. LeTourneau ya kafa masana'antarsa dab da masu katafilar, domin taraktocinsu ne ke jan manyan injinan kankarar ƙasa da yake ƙerawa. A daidai lokacin, can a Ingila, wani magini John Laing yana ta ɗora gidaje a bayan garin Landan. Dukansu Kiristoci ne na gani-kashe-ni, dukansu sun bar makaranta tun suna samari, kuma kowannensu ya ce ya sa Allah a cikin kasuwancinsa a matsayin abokin tarayya. Daga nan kuma sai hanya ta rabu.

LeTourneau mutum ne mai zafin nama. An haife shi a 1888, ya bar aji yana ɗan shekara 14, ya shiga koyon zubin ƙarfe, sauran ilmin kuma ta gidan waya ya ɗan tsintsinta. Amma hannunsa na da albarka. Shi ya fitar da ƙafafun ƙarfe daga manyan injinan haƙar ƙasa ya sa musu tayoyin roba, daga baya ya dasa wa kowace taya injin lantarki nata na kanta. Ya mutu da takardun mallakar ƙirƙira kusan 300, kuma ana ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na injinan ture ƙasa da sojojin ƙawance suka yi aiki da su a Yaƙin Duniya na Biyu nasa ne. Da farko ya ɗauka bautar Allah ta gaskiya sai mutum ya tafi aikin mishan, sai fastonsa ya nuna masa cewa 'yan kasuwa ma ana bukatarsu. Ya riƙe maganar da hannu bibbiyu. Ushiri dai kashi goma ne, shi sai ya kifa lissafin: ya ba da casa'in, ya riƙe goma. Kuma bai ɓoye ba. Jirgin sama gare shi, duk ƙarshen mako yana wani gari yana ba da shaida.

Laing kuwa shiru-shiru ne, ɗan ikilisiyar nan da ake kira Brethren, wadda ba ta naɗa limamai. A Carlisle aka haife shi a 1879, a gidan magina. Yana matashi ya karɓi kwangilar magudanar ƙazanta a Barrow-in-Furness, ruwa da rairayi suka yi ta cike ramukan, shari'a ta biyo baya, kamfanin gidansu ya kusa durƙushewa. A cikin wannan ƙunci ya je kusa da kangon tsohon gidan sufaye na Furness ya yi addu'a, ya kuma zauna ya rubuta wa kansa tsari a takarda: in samu ya kai kaza, ga abin bayarwa, ga abin ci, ga abin ajiyewa. Abin da ya burge ni a takardar shi ne layin abin ci. Ya yi masa iyaka, komai yawan abin da zai shigo.

A nan nake ganin Laing ya fi. Wanda ya ƙayyade abin da zai bayar, in arziki ya bunƙasa, ragowarsa ma bunƙasa take yi, kuma kashi goma na miliyoyi ai ba talauci ba ne. LeTourneau ya sayar da sashen injinan ƙasa na kamfaninsa a 1953 a kan dala miliyan 31. Wanda ya ƙayyade cikinsa kuwa ya toshe wa kansa ƙofa. Kamfanin Laing ya gina filayen jirgin sama sama da 50 lokacin yaƙi, ya gina babban ɓangare na titin M1 da aka buɗe a 1959, ya gina sabuwar babbar majami'ar Coventry da aka keɓe a 1962 ya kuma mayar mata da ribar aikin. Da Laing ya rasu a 1978 yana da shekara 98, abin da aka tarar da sunansa fam 371 ne.

Ta wajen iyali ba zan yi alƙalanci ba, gidan wani sai mai shi. LeTourneau da matarsa Evelyn sun binne ɗan farinsu yana jariri, wani ɗan nasu kuma, Donald, hatsarin jirgin sama ya ɗauke shi a 1940. Ɗansu Richard ya shugabanci makarantar da suka kafa. Laing ya miƙa kamfani ga 'ya'yansa Kirby da Maurice.

Sai batun ilmi, inda ma'aunin ya rinjaya ɗaya gefen. Kuɗin Laing sun tafi ga masu nazarin Littafi Mai Tsarki: Kwalejin Baibul ta Landan, da Tyndale House a Kambirij, inda malamai ke duƙufa a kan Ibrananci da Helenanci. Aiki ne mai kyau, amma magini ne ke ɗaukar nauyin karatun da ba na gini ba. LeTourneau abin da ya sani shi ya koyar. A 1946 shi da Evelyn suka karɓi wani asibitin soja da aka daina amfani da shi a Longview ta jihar Teksas, a kan dala ɗaya, suka mai da shi makarantar fasaha. Yawancin ɗaliban farko sojoji ne da suka dawo daga yaƙi. Yau suna aji, gobe suna masana'anta riƙe da abin walda, jibi su koma aji. Duk wanda ya taɓa ganin mai takardar injiniya ya tsaya sororo a gaban janareto yana jiran bakanike ya san darajar wannan tsari.

Ba duk abin da LeTourneau ya taɓa ne ya yi ƙarko ba. Ya kai katafilolinsa Laberiya da Peru da tunanin in aka share daji aka kafa gari, bishara da arziki za su tsiro tare. Daji ya fi ƙarfin lissafinsa, garuruwan ba su zama abin da ya yi mafarki ba. Zafin naman da ya ba shi tayar roba shi ya kai shi can.

LeTourneau ya rasu a 1969. Makarantar dala ɗaya ta zama jami'a, har yau tana yaye injiniyoyi da matuƙan jirgin sama a Longview. Sashen gine-gine na kamfanin Laing kuwa, bayan asarar da ya tafka a aikin babban filin wasa na Cardiff, an sayar da shi a 2001 a kan fam ɗaya.