Yadda Ɗanɗano Ke Yanke Farashin Jar Giyar Inabi Ta Faransa, Da Darasinsa Ga Fataken Zoɓo

GWAGWALADA, Abuja: A otal-otal da kantunan garin Gwagwalada, wanda ke kan babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, akan ga kwalaben jar giyar inabi da aka shigo da su daga Faransa, girmansu ɗaya, amma farashin wata ya ninka na wata sau da yawa. Musulunci ya haramta sha da cinikin giya, kuma galibin 'yan kasuwarmu ba sa kusantar ta. Duk da haka, dabarar da Faransawa suka bi suka ɗaga darajar wannan haja abin nazari ce ga duk mai fitar da amfanin gona waje.

Tushen dabarar shi ne ɗanɗano bisa ƙa'ida. Ƙwararren mai ɗanɗanawa yakan fara da duba launi, sannan ya sunsuna ƙamshi, daga bisani ya kurɓa kaɗan ya juya a baki don auna tsami da bauri da daɗewar ɗanɗanon a harshe, sa'an nan ya tofar. A yankin Bordeaux, kowace shekara wajen watan Afrilu dillalai da masana sukan taru su ɗanɗana giyar kakar da ta wuce tun tana cikin gangunan katako masu cin lita 225. Hukuncinsu yana tasiri ƙwarai kan farashi, kuma akan biya kuɗin hajar tun ba a ɗura ta a kwalba ba.

Abu na biyu shi ne daraja a rubuce. A shekarar 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, dillalan Bordeaux suka kasa manyan gonakin inabi zuwa aji 5, gwargwadon farashin da suka saba samu. Gonaki 4 ne kaɗai suka shiga ajin farko, wato Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, sai a 1973 aka ƙara Mouton Rothschild. Bugu da ƙari, a 1935 gwamnati ta kafa dokar kare sunan asali, wadda ta hana kowa liƙa sunan wani yanki a kwalba sai in a can aka noma inabin, bisa sharuɗɗan da aka gindaya.

Sai dai suna kaɗai ba ya riƙe kasuwa. A 1976, a wata gasa da aka yi a birnin Paris inda aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalai Faransawa da kansu suka fifita wata jar giya daga Kalifoniya ta Amurka a kan na Bordeaux.

A kasuwar Gwagwalada akwai wata jar haja ta halal da wannan darasi ya shafa, wato zoɓo. Ana noma shi a Jigawa da Kano da Katsina, ana kuma fitar da shi da yawa zuwa Meziko. Amma a buhu da mudu ake sayar da shi, babu sunan gari, babu aji. Mai duhun ja da tsabta da wanda aka cakuɗa da ƙasa da tsinke duk sunansu zoɓo. Don haka manomin da ya wahala wajen tsincewa da shanya ba ya samun ladan wahalarsa, ribar tantancewa kuwa tana tafiya ga mai saye na ƙetare.

Maƙwabta sun riga sun ɗauki hanya. A 2013 Kamaru ta yi wa masoron Penja rajistar sunan asali a hukumar OAPI, daga baya Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta. Abin da ya rage ga ƙungiyoyin fataken zoɓo shi ne su amince da ma'auni ɗaya na launi da tsami da bushewa, su rubuta aji da garin asali a jikin kowane buhu, su kuma hukunta mai algus.