Azurfa Mai Ƙyalli da Gano Yunwar Shuka

Sanin kowa ne cewa manomin masara a ƙasar Faskari, Sabuwa ko Ƙanƙara yakan gane gonarsa tana bukatar takin supa ne idan ya ga shuka ta tsumbure, gefen ganyenta ya koma ja mai duhu. Sai dai kafin ido ya ga wannan alama, ɓarna ta riga ta yi nisa. Ashe tun da farko shukar ta aika saƙon yunwa a cikin jikinta. Abin da masana ke nema shi ne hanya mai sauƙi ta karanta saƙon.

Manzon da ke ɗauke da saƙon wani ɗan guntun sinadari ne da ake kira mikro-RNA. Shi RNA zare ne da aka jera da haruffa huɗu: A, U, G da C. Mai tsawonsa shi ne ke kwaso umurni daga DNA domin a ƙera furotin. Shi kuwa mikro-RNA haruffansa ba su wuce 21 zuwa 24 ba, kuma aikinsa hani ne: yakan manne wa dogon zaren, ya hana a yi aiki da shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka ne suka bayyana shi a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa, kuma suka sami lambar Nobel a 2024.

Alal misali, idan sinadarin fosfaras ya yi ƙaranci, ganye yakan yawaita wani mikro-RNA mai lamba 399. Wannan yakan gangara zuwa saiwa, ya danne furotin ɗin da ke taƙaita shan fosfaras, sai saiwa ta ƙara zuƙa. Ke nan yawansa ma'auni ne na yunwar shukar. Matsalar ita ce ƙanƙantarsa, domin tsohuwar hanyar gano shi takan ci kwanaki, ga kayan aiki masu tsada.

A nan ne azurfa ta shigo. Zoben azurfa ba ya ba da haske na kansa. Amma idan aka tara ƙwayoyin zarra na azurfa 'yan kaɗan, daga biyu zuwa kamar talatin, sai halinsu ya sāke. Wannan ɗan curi bai kai nanomita biyu ba, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan aka haska shi, yakan sha hasken, ya mayar da shi da wani launi dabam, ja ko kore. A 2004 Jeffrey Petty da Robert Dickson da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya gina curin a kan zaren DNA, domin azurfa tana son kama harafin C.

A 2011 Seong Wook Yang da Tom Vosch na Jami'ar Kwapanhagan a Danmak suka mayar da wannan hali abin gwaji. Sun haɗa zare mai sassa biyu: ɗaya mai haruffa 12 inda azurfa ke taruwa ta yi jan ƙyalli, ɗayan kuma tarko ne da haruffansa suka dace da na mikro-RNA mai lamba 160 na tsirrai. Idan babu abin da ake nema a ruwan gwaji, ja yakan fito sosai. Idan kuwa akwai shi, yakan manne wa tarkon, siffar zaren ta sauya, ƙyallin ya dushe. Gwargwadon dushewar, gwargwadon yawansa.

Har yanzu dabarar tana ɗakin bincike, ba ta isa gona ba. Gishiri a ruwan gwaji yana iya dagula ƙyallin, curin yakan lalace idan ya daɗe, kuma kowane mikro-RNA sai an tsara masa nasa tarkon. Duk da haka kayan haɗin ba su da yawa: zaren DNA, gishirin azurfa da sinadarin da ke mayar da shi ƙarfe. Likitoci ma suna da muradi a ciki, domin mikro-RNA mai lamba 122 yakan ƙaru a jini idan hanta ta ji rauni.

Ɗalibin da ya laƙanci yadda A ke kama U, G ke kama C, ya riga ya riƙe tushen wannan ilmi. Ranar da irin wannan gwaji ya iso hannun malamin gona a Sheme, za a zuba taki a lokacin da shuka ta nema, tun ganye bai sauya launi ba.