Kafin Ka Fesa Wa Cikin Motarka Fenti

Wata Asabar cikin watan Afrilu na shiga motar Golf daga Yelwa zan tafi Koko ɗaurin aure, sanye da farar shadda da ta sha bugu. Na samu gefen ƙofa na jingina hannu, har ina yaba wa direba yadda cikin motar ke ƙyalli baƙi wuluk, kamar jiya aka shigo da ita daga Kwatano. Ba mu fita ƙasar Shanga ba na ji hannun rigata yana mannewa. Ina ɗagawa sai ga baƙin shati tun daga gwiwar hannu har ƙasa, a jikin ƙofar kuma saƙar shaddar ta fito raɗau kamar an buga hatimi. Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Ayya Malam, yi haƙuri. Wallahi sati uku ke nan da fesa shi, ya ƙi bushewa."

Ba kuwa zai bushe ba. Ledar da ake lulluɓe allon cikin ƙofa da ita dangin robar bututun ruwa ce, an dai cuɗa ta da wani irin mai ne don ta yi laushi. In aka fesa mata fentin ƙarfe, irin na ƙyauren gida ko na jikin mota, sai man nan ya taso ya shige cikin fentin ya hana shi kamewa. Rana kuma ta ƙara zuga shi. A bazara zafin ƙasar Yauri kan haura digiri 40, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta kan wuce digiri 60.

Wancan matsalar leda ke nan. Motocin da suka biyo bayan zamanin Fijo 504, galibin allunan ƙofarsu da sauran kayan adon ciki robar zubi ce, wadda ta fi yawa kuma ita ce folifurofilin. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ya haɗa ta a 1954, yau ga ta a kowane gida: kujerar roba da buhun taki da na shinkafa duk ita ce. Halinta ɗaya, ba ta yarda komai ya manne mata. Duba kujerun hayar biki da aka rubuta wa suna da fenti, ai biki biyu uku ka ga rubutun ya kankare, shi ya sa masu wayo ke ƙona sunan da ƙarfe mai zafi. To ita ce wani zai ɗauki gwangwani ya fesa wa kai tsaye, yana jiran abin kirki.

Yadda za ka gane irin robar da ke hannunka ba wuya. Cire allon ka juya bayansa, za ka ga haruffa da aka zuba tare da ita tun daga masana'anta. In ka ga PP, dole sai an fara fesa ruwan share fage na roba, wanda kusan ba shi da launi, aikinsa kawai ya ƙulla zumunci tsakaninta da fenti. In ABS ka gani, ita tana karɓar fenti ba gardama, amma tana tsoron tina: ka goga mata, ta narke ta yi tabon da ba ya gyaruwa. Leda kuwa fentinta daban ne, mai tanƙwaruwa tare da ita, kuma a jikin gwangwanin ake rubuta haka.

Amma ko ka sayi fentin da ya dace, a ƙasarmu akwai wani abokin gaba, wato maiƙo. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya miƙo sama da kilomita 130 har zuwa Yelwa, kifi ya ƙara zama babban abin lodin motocin wannan yanki. Motar da ke jigila tsakanin Wara da Birnin Yauri da Yelwa, wane kwalin banda ne ba ta ɗauka ba? Man tarwaɗa, hayaƙin banda, ruwan albasa, gumin fasinja, man shafawar hannu, duk sun shige cikin 'yan ramukan da ke fuskar robar sun kwanta shekara da shekaru. A kan wannan a ƙara man ƙyallin da masu wankin mota ke shafa wa dashbod, wanda ke ɗauke da silikon. Ɗigonsa kaɗan ya isa ya sa fenti ya dare, ya bar 'yan ramuka zagayayyu. Masu sana'ar a Turai idon kifi suke kiran wannan lahani. Da a Yauri aka raɗa sunan, da sai mu ce an san inda aka dosa.

Don haka rabin aikin wanki ne, har ma fiye da rabi. Ruwa mai ɗumi, omo, da buroshi mai ɗan tauri, a wanke a ɗauraye, a sake, a sake. In ya bushe a goge da sifirit da tsumma mai tsabta. Ban da fetur, ban da kalanzir: maiƙo suke bari. Gwajin ba ya cin ko kwabo. Maiƙon da ya rage farin tsumma zai tona shi, muddin yana fitowa da dauɗa wanki bai ƙare ba. Daga nan a ɗan karce fuskar da samfefa mai laushi, lamba 600 ko 800, da hannu marar nauyi, kada a shafe zanen robar.

Wajen cire allon ma a bi sannu. Ƙananan maɗauran roba ne ke riƙe allon, kuma rana ta riga ta gasa su, da an finciko sai su karye, daga ranar ƙofa ta fara kaɗe-kaɗe a kan hanyar Kontagora. Ledar da ke manne a bayan allon kuma ba shara ba ce, ita ke tare ruwan sama da ya biyo gilashi. A mayar da ita yadda aka same ta.

Fesawar kanta ba ta da wani sirri. Tazarar kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, shafi siriri sau uku ko huɗu, da jiran kamar minti 10 a tsakani. Mai gaggawar da ya zuba fentin lokaci guda zai ga ya kwaranyo kamar hawaye. Da damina, musamman a bakin tafki, laimar iska kan sa fenti ya yi fari-fari. Da hunturu ƙura ce ke sauka a kansa. Da tsakar ranar bazara kuma yakan bushe tun yana iska, ya faɗa kamar yashi. A samu rumfa mai shan iska, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi aikin da hantsi, a bar allon kwana biyu kafin a mayar.

A ganina fenti mai sheƙi ba shi da gurbi a cikin mota. Dashbod mai ƙyalli hotonsa yake haskawa a gilashin gaba, direba ya riƙa kanne ido alhali ga shanu na tsallaka titi. Masana'antu ba rowa ce ta sa suke yin sa dusu-dusu ba. Wuraren da ba a taɓawa sam su ne murfin jakar iska da ke kan sitiyari da gaban fasinja, da bel ɗin ɗaura jiki, domin sinadarin fenti na iya raunana su, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka buƙace su.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran gareji. Sau nawa ka ga almajirin mai fenti zaune cikin mota, gilasai a rufe wai don ƙura, yana fesawa da ƙyalle ɗaure a hanci? Ƙyalle ba ya tare tururin tina. Fentin da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, wani lokaci ta zauna wa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ga tururin yana kama wuta da tartsatsi ɗaya, ga mai walda a rumfar gefe. Iyayen gida, ku saya wa yaran nan takunkumi mai matatar gawayi.

In motar haya ce mai lodin kifi da albasa kullum, ni dai shawarata a kai allon wurin mai ɗinkin kujera ya sa sabuwar leda, ko a nemi na Kwatano, zai fi fenti daɗewa. Kai kuma mai shirin sayen mota, in dillali ya buɗe maka ƙofa ka ga ciki na walƙiya, sunkuya ka sa farce a ƙasan allon inda ido ba ya kaiwa, ka ɗan karce. In baƙi ya biyo farcenka, a rage maka kuɗi.