Bututun Tsane Ruwa Bayan Tiyatar Kaluluwa: Aikinsa da Kula da Shi a Gida

Matar da aka yi wa tiyatar sankarar mama a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sau da yawa takan farfaɗo ta tarar da wani siririn bututun roba ya fito daga gefen ƙirjinta, ƙasa da hammata, yana ɗigar da ruwa cikin wata 'yar gora. Wani lokaci likita kan sallame ta tun bututun yana jikinta. Ga mazauniyar birni wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, domin asibiti na kusa. Amma mutuniyar Kiru ko Bebeji sai ta yi shirin mota, balle wadda ta fito daga Riruwai ta ƙasar Doguwa, wadda sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta ɓullo Kwanar Ɗangora, tafiyar da ta haura kilomita 150 kafin ta ga Kano. A irin wannan gida, kula da bututun yakan faɗa hannun wanda ya iya karatu da rubutu, kuma sau tari ɗalibin sakandare ne. Saboda shi aka yi wannan bayani.

Bari mu fara da kaluluwa. Kowane Bahaushe ya san ta: yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya yi mugunya, bayan kwana biyu sai ga wani ƙullutu mai zafi a gindin cinya. To wannan ƙullutu ba ciwon ne ya haife shi ba, da ma can yana nan, kumbura kawai ya yi. Jikin mutum yana ɗauke da irinsu kimanin 500 zuwa 600, tattare a wuya da hammata da gindin cinya da cikin ƙirji da ciki. A kullum ruwa yana tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa tsakanin ƙwayoyin halittar jiki, kuma wasu hanyoyi na daban, masu sirantaka ƙwarai, su ke kwashe rarar wannan ruwa, wanda ake kira limf, su mayar da kimanin lita 3 cikin jini kowace rana. Kaluluwa matata ce a kan waɗannan hanyoyi, cike take da fararen ƙwayoyin jini masu kama ƙwayoyin cuta.

Ƙwayoyin sankara su ma wannan hanya suke bi idan za su bazu, kuma zangonsu na farko daga mama shi ne hammata, inda akwai kaluluwa 20 zuwa 40. Tun daga shekarar 1994 likitoci a Amurka suka nuna cewa idan an gano cutar da wuri, ana iya cire kaluluwa ɗaya ko biyu na farko a bincika, a bar sauran. Sai dai a nan Arewa akasarin mata ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa, don haka kwashe kaluluwar hammata, goma ko fiye, shi ne abin da aka fi yi.

To me ke faruwa bayan an kwashe? Abu biyu. An bar kogo a ƙarƙashin fata, sannan an yanke hanyoyin limf masu yawan gaske waɗanda ƙanƙantarsu ba ta bari a ɗaure su duka. Ruwan da ke tahowa daga hannu bai san an datse masa hanya ba, sai ya ci gaba da kwarara cikin kogon. Wanda ya taɓa ganin ƙaramar magudanar ban-ruwa ta ɓalle a gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga ya ga misalin abin. Idan aka bar ruwan ya taru, fata ba za ta manne da naman da ke ƙasa ba, ɗinki na iya buɗewa, kuma ruwa mai ɗumi da ke kwance wuri ɗaya gona ce ga ƙwayoyin cuta. Wannan taruwar ruwa likitoci ke kira siroma. Bututu shi ke hana ta, har zuwa lokacin da jiki zai liƙe hanyoyin da kansa.

Yadda bututun ke aiki darasi ne na fizis da ɗalibai suka riga suka sani, wato ruwa yakan tashi daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Akwai mai gora ta roba mai laushi, kamar girman lemo, mai suna Jackson-Pratt, sunan likitocin Amurka biyu da suka fito da shi a shekarar 1971. Akan matse gorar a fitar da iska, a toshe bakinta tana a matse. Ƙoƙarin da robar ke yi na komawa siffarta shi ke zuƙo ruwan. Akwai kuma kwalba mai tauri, irin Redivac, wadda aka riga aka zuƙe iskar cikinta. Ita wannan ba a buɗe ta a gida, sai dai a liƙa filasta a jikinta a riƙa ja layi inda ruwa ya tsaya kowace safiya, kuma kafin a baro asibiti a roƙi nas ta nuna alamar da ke bayyana cewa zuƙar ta ƙare. Wani lokaci kuma likita kan haɗa bututun da jakar roba kawai, ruwan ya gangara da nauyinsa. Kowane iri ne, dole ya zauna ƙasa da wurin yankan.

Na taɓa zuwa duba wata 'yar'uwa a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, na tarar da gorarta a bushe, a kumbure kamar balan-balan, mutanen gida kuwa suna murna wai ruwa ya ƙafe. Ashe an zubar da ruwan ne aka toshe ba tare da an matse ba, kwana biyu ke nan babu abin da ke zuƙa, hammata kuwa ta ciko. Babu wanda ya yi sakaci a gidan nan; bayanin ne aka yi musu cikin gaggawa, da harshen da ba su ji sosai. Gorar da ke aiki kullum a lotse take.

Zubar da ruwan ba shi da wuya, sau biyu a rana, safe da dare, ko duk lokacin da gora ta kai rabi. Mai yi ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta, ya buɗe murfin ba tare da ya taɓa cikinsa ba, ya juye ruwan cikin ƙoƙon awo mai layin mililita, ya goge bakin gorar da auduga da sifirit, ya matse ta sosai, ya toshe, sa'an nan ya zuba ruwan a masai ya sake wanke hannu. Wanda bai sami ƙoƙon awo ba, sirinji mai mililita 20 marar allura ya isa, a keɓe shi ga wannan aiki kaɗai.

Abin da na fi so ɗalibi ya riƙe shi ne rubutu. A sami littafin makaranta, a ja layuka: kwanan wata, lokaci, adadin mililita, launi. Likita ba ya nan sa'ad da ruwan ke fita, don haka wannan shafi shi ne idonsa. Da shi zai yanke shawarar cire bututu, wanda akasari akan yi idan abin da ke fita cikin sa'a 24 ya sauko ƙasa da mililita 30, kwana biyu a jere, kodayake wasu likitoci kan ɗauki mililita 50. Mililita 30 kuwa cokalin shayi shida ne kacal, adadin da ido ba zai iya ƙiyasta shi daidai ba. Yawanci akan kai wannan mataki cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku. In an cire da wuri ruwa zai taru. In an daɗe, bututun kansa ya zama ƙofar shigar cuta. Kalmar "ya ragu" ko "da sauƙi" ba ta wadatar da likita. Shafin da aka cika da lambobi kuwa ana iya karanta masa ta waya, a san ranar da ta dace a hau mota, a huta da asarar kuɗin tafiya sau biyu.

Launin ruwan ma yana magana. A kwanakin farko ja ne, sai ya koma ruwan hoda, daga bisani ya zama fatsi-fatsi mai haske kamar tataccen man gyaɗa. Wannan duk daidai ne. Abin da ba a kwana da shi a gida shi ne sabon jan jini da ke cika gora cikin ɗan lokaci, ko ruwa ya yi kauri da wari kamar mugunya, ko fatar da ke kewaye ta yi ja da zafi da kumburi, ko zazzaɓi ya kai digiri 38. A nan akwai tarko, domin a ƙasar da sauro ya yi yawa kowane zazzaɓi sai a ce na cizon sauro ne a sayi magani a kemis. Mai bututu a jiki, zazzaɓinta na asibiti ne. Idan a wuya aka yi tiyatar, ruwan kuma ya koma fari kamar madara, alama ce an taɓa babbar hanyar limf mai ɗauko maiƙo daga hanji, sai a sanar da likita a ranar. Haka nan idan ruwa ya tsaya farat ɗaya, a duba ko bututu ya lanƙwashe ko gudan jini ya toshe shi. Matso gudan da yatsu sai wanda nas ta koya wa. Bututun da ya zame ya fita kuwa, ba a mayar da shi ko kusa. A rufe wurin da bandeji mai tsabta a nufi asibiti mafi kusa.

Zare ɗaya ne tak ke riƙe bututun da fata, saboda haka a maƙala gorar da fil a jikin riga ko bakin zane, kada ta yi reto, musamman a kan babur. Daka da surfe da ɗaukar tulu da goyo duk su dakata. Wanka da tsumma mai ruwa ne, ba a jiƙa wurin, kuma ba a shafa masa toka ko man shanu ko garin magani. Amma kada a naɗe hannun a ƙirji a hana shi motsi, domin kafaɗa na iya sandarewa. A bi motsin da aka koya a asibiti.

Bayan an cire bututu, hannun wannan gefe yana bukatar lura har abada, domin kaluluwar da aka kwashe ba ta sake tsirowa. Wasu mata hannun kan kumbura bayan watanni ko shekaru, ta hanyar da ta yi kama da tundurmi, inda tsutsotsi ne ke toshe hanyoyin limf na ƙafa. Ƙaramar ƙaya a gona, ko ƙuna a bakin murhu, ko tsagar wanzami a wannan hannu na iya zama mafarin kumburin, don haka duk wani rauni a wanke shi nan take da sabulu, in ya fara ja a kai shi asibiti.