Mai Dafa Abinci da Rage Ƙiba: Yadda Za a Kula da Jiki a Gaban Tukunya

A cikin ikkilisiyoyinmu akwai 'yan'uwa da yawa waɗanda girki ne sana'arsu: masu sayar da abinci a tasha da kasuwa, masu toya ƙosai da waina, kuku a otal ko makarantar kwana, da matan zumunta masu girkin biki. Sana'a ce mai daraja. Sai dai da yawansu suna kuka da ƙiba, ciwon gwiwa, hawan jini ko ciwon sukari, suna kuma cewa, "Ni fa ko zama ba na yi in ci abinci." Wannan maganar tasu ita ce ke nuna inda matsalar take.

Abin da ya fi ƙara wa mai girki nauyi shi ne cin da ba a lissafawa. A ɗanɗana miya da ludayi sau biyar, a jefa ƙosai biyu a baki saboda sun fashe, a kankare ƙanzo, a sha lemon kwalba don zafin wuta. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sukari ko garin masara kuwa 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da kusan kalori 200. In an tara waɗannan daga safe zuwa dare, sun kai kwanon abinci guda, alhali mutum yana ganin bai ci komai ba. Da dare kuma ya koma gida a gajiye, ya cika ciki da tuwo ya kwanta.

To, me za a yi?

Na farko, a ci abinci kafin a hura wuta. Wanda ya fara aiki da yunwa ba ya iya tsayayya da ƙamshin suya. Wake, ƙwai ko kunu marar sukari sosai sun isa su riƙe ciki.

Na biyu, a riƙa ɗanɗano da ƙaramin cokali, sau ɗaya ko biyu. Harshe ne ke gane gishiri, rabin cokalin shayi ya ishe shi.

Na uku, a sa lokacin cin abinci, a zuba a faranti, a zauna, a yi addu'ar godiya. Rabin farantin ya zama ganye kamar zogale, rama, alayyafo ko kabeji, sauran kuma tuwo ko shinkafa da wake, kifi ko nama kaɗan.

Na huɗu, a ajiye ruwa kusa da murhu. Sau da yawa ƙishi ne mutum ke ɗauka yunwa. Zoɓo ma a rage masa sukari.

Na biyar, a rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya. Ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tsayuwa gaban tukunya tana gajiyarwa, amma ba ta kai tafiya da sauri ta minti 30 ba.

Sai batun ragowar abinci. Mata da yawa suna cinyewa don tsoron ɓarna. A Yohanna 6, bayan Ubangiji Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajirai suka tattara abin da ya rage har kwando goma sha biyu. Kada a zubar, amma cikinmu ba shi ne ma'aji ba. Akwai marayu, gwauraye da maƙwabta da za su yi murna da shi.

A yi haƙuri da jiki. Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. A guji magungunan rage teɓa da ake talla a kasuwa. Mai ciwon sukari, mai ciki da mai shayarwa su fara ganin ma'aikacin lafiya. Azumi kuma don neman fuskar Allah ne, kada a mai da shi hanyar ramewa.

Kada wani ya raina ɗan'uwansa saboda jikinsa, gama gado da rashin lafiya ma suna kawo ƙiba. Amma Manzo Bulus ya tuna mana a 1 Korintiyawa 6:19 cewa jikinmu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, a Galatiyawa 5:23 kuma ya sa kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu. Mai girki yana koyon wannan kamunkai a kan cokalin ɗanɗano kowace rana. A samu abokin addu'a a wurin aiki ko a zumunta, a riƙa tambayar juna. Ubangiji ya ba mu lafiya, ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.